Mai Bin Sawun Waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ba tumaki harawa labarin ya same ni: Insifekta Sabi'u ya rasu.

Mutumin da ya dawo min da sunana ke nan.

Mutanen Zakirai, kun tuna lokacin da aka buɗe shafi a Facebook da sunana da hotona, ana zagin limaminmu. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga Islamiyyata. Na rantse har na gaji. Ko a sahun sallah sai a bar fili tsakanina da jama'a.

Ni na kai ƙara. Insifekta ya samo izinin kotu, ya karɓo abin da suke kira adireshin IP, wato lambar da ke nuna ta wane layin intanet aka yi rubutu. Sai ga shi layin wayfay ɗin makarantata ne.

Na miƙe tsaye ina ta rantsuwa.

Shi kuwa dariya ya yi. "Malam, zauna. Babana bin sawun shanun sata yake yi a Shanono. In sawu ya tsaya a ƙofar gida ba ya kama maigida, sai ya tambayi su wa ke shiga. Mene ne fasawod ɗinka?"

Na ce, "Bismillah."

Ya ce, "To ina ji, faɗa."

Na ce ai shi ke nan na faɗa. Ya riƙe kai. Ashe duk unguwa kan wayfay ɗina take hawa!

Sati uku yana gwada lokutan rubutun da wayoyin da suka hau layin, har ya tsaya kan maƙwabcina da muke rikicin iyakar gona. Mutumin ya amsa da bakinsa.

Insifekta bai tsaya nan ba. Ranar Juma'a ya zo da kansa ya yi wa liman bayani a gaban kowa. A ranar liman ya kama hannuna ya jawo ni sahun gaba. Na yi kuka, ban ji kunya ba.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne, da kaka. Na tura masa kwanon gyaɗa, ya ɗebi cikin tafi kawai. "Malam, har yanzu Bismillah ce?"

Na canza, ranka ya daɗe.

Yau ajina cike yake, kuma yaran nan za su sauke maka Alƙur'ani. Ya Allah, bawanKa ya bi sawu ya mayar da ni cikin sahu, Ka sanya shi a sahun gaba a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.