Makin Inna Juwairiyya

Duk wanda aka haifa a garin Sara cikin shekara talatin ɗin nan, da wuya in ba hannun Inna Juwairiyya ne ya fara taɓa shi ba. Ungozoma ce, gajeriya, mai saurin tafiya, Allah bai ba ta ɗan kanta ba. Ta san iyakar iyawarta. In haihuwa ta zo da gardama, ba ta jiran maigida ya gama shawara, ita ke tare mota ta raka mace har asibitin Birnin Kudu. Can ta saba da wata nas mai suna Sylvia.

Wata shekara gab da damina, wasu ma'aikata suka zo da riguna iri ɗaya. Suka ce wani kamfanin ƙasar waje ne ya haɗa kai da hukuma za a gwada sabon tsari: kowane mai waya za a riƙa ba shi maki gwargwadon halinsa, mai maki da yawa shi ne gaba wajen rabon taki da iri. Inna ta dangwala yatsa kamar kowa.

Ba a yi wata uku ba ta lura an daina aiko mata. Matan da ta yi wa wankan jego sai gaisuwa daga nesa. Ta je ta sami Sylvia.

"Inna, na'urar kamfanin tana rage makin duk wadda ta haihu a gida," in ji Sylvia. "Ke kuma wayarki na nuna kina wurin kowace haihuwa. Makinki ya faɗi warwas. Wanda ya kira ki ma nasa raguwa yake."

"To waɗanda nake kawo muku fa?"

"Ba a lissafa su."

"Wa zan je in yi wa bayani?"

 Sylvia ma ba ta sani ba.

Cikin watan Agusta naƙuda ta kama Kubra, matar maƙwabcinta Yahuza, da hantsi. An kwana ana ruwa, hanya ta yanke. Inna na jin nishin yarinyar ta bayan katanga. Ta yafa mayafi ta fita, ta tarar da Yahuza tsaye a bakin zaure.

"Inna, ki yi haƙuri, mota na hanya," ya ce, bai iya kallon idonta ba. Gonarsa na jiran taki, ta sani.

Ta juya ta koma gida.

Har la'asar babu mota. Ta jefar da wayar a kan tabarma, ta shiga gidan Yahuza ba ta nemi izinin kowa ba. Kubra ta tsira. Jaririyar kuwa cibiya ta naɗe mata wuya, ta zo ba rai.

Yahuza ya durƙusa yana kuka yana neman gafararta. Inna ta ce masa ya tashi. Ba shi take tuhuma ba. Abin da ke cin ranta shi ne juyawar da ta yi da hantsi, ita da ba a taɓa tare ta a ƙofa ta koma ba.

Bayan shekara biyu aka dakatar da gwajin, aka ce kamfanin ya kai tsarinsa wata ƙasa. Mata suka dawo suna aiko mata, sai ta ce hannunta ya fara rawa. Ta tattara kayanta ta koma wurin ƙanenta a Gwaram. Can ta rasu da azumin bara, bayan jinyar kwana tara.