Maɓallan da Auta Ya Yi wa Yaya

Har furfura ta fara leƙo masa a gemu, ba wanda ya daina kiransa Auta. A gida aka laƙaba masa sunan, ya bi shi makaranta, ya bi shi har wurin aiki. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, babbar yayarsa ce ta riƙe shi, ta zame masa uwa da uba da keken ɗinkinta. A gindin keken nan ya yi wayo. Yaya mace ce mai baki: tana yi masa faɗa, tana ba masu kawo ɗinki labari, tana tsokanar maƙwabciya ta taga, duk a numfashi guda. Shi kuwa sai ya tashi shiru-shiru, kamar ita ta cinye rabonsa na magana.

Da ya gama karatu ya samu aiki a wani ɗan kamfani a saman bene, inda suke rubuta manhajar kwamfutocin tebur ga otal-otal da ɗakunan karatu. Rabonsa a aikin shi ne jerin da ke fitowa a fuskar kwamfuta, layi bisa layi, kowane layi da ɗan maɓallinsa a gefe. Shi ke tabbatar da cewa in an danna maɓallin wani layi, abin da ke layin ne zai amsa, ba na maƙwabcinsa ba. Aiki ne da ba a yabo, sai ranar da ya lalace ake tuna akwai mai yinsa.

Wata rana Yaya ta tsare shi sai ya gaya mata abin da yake yi tun safe har yamma. Da ya gama bayani ta kwashe da dariya.

"Au, duk karatun nan ashe maɓalli kake sakawa? Da ka zauna a shago ai da na koya maka kyauta!"

Bai yi aure ba. Ya so wata, abin bai yiwu ba, bai kuma ƙara tayar da zancen ba. Kullum in ya tashi daga aiki gidan Yaya yake fara biyawa, ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ta yi ta zuba yana gyaɗa kai.

Ciwon ya zo mata da hantsi, tana tsakiyar yanka yadi. Almakashi ya faɗi, ita ma ta bi shi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓangaren dama ya mutu, harshe ya riƙe. Hankalinta garau, idonta na bin kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ita kanta take jin kunyarsa. Rubutu kuma hannun hagu ya ƙi. Ɗiyarta tilo, malamar makaranta, ta ɗauke ta ta mayar gidanta, aka gyara mata ɗakin da ke kusa da ƙofa.

Auta ya ga yadda ake yi da ita: a nuna kofi, ta girgiza kai, a nuna filo, ta girgiza kai, har ta gaji ta juya fuska ga bango. Sai ya kinkimo tsohuwar kwamfutarsa ya ɗora a kan tebur gefen gadonta. Ya rubuta mata manhaja ƙarama, jerin maganganu ne kawai, kowace da maɓallinta. In ta danna, lasifika ta faɗa. Ɗiyar ce ta karanta maganganun ya naɗa, don muryarta ta yi kama da ta uwar. "Ina jin ƙishi." "A juya ni." "Ciwo nake ji." "Ku bar ni in huta."

Ranar farko abin bai yi ba. Yaya ta kai linzamin kwamfutar kan maɓalli da hannun hagu, ta danna, amma kafin ta saki hannun ya zame. Ita kuwa manhaja ba ta lissafa dannawa sai an danna an saki a wuri ɗaya. Shiru. Ta harare shi irin hararar da ya sani tun yana yaro. Ya zauna nan ya gyara, ya sa da zarar yatsa ya sauka a amsa. Sai kuma rawar hannun ta riƙa danna sau biyu, muryar ta yi ta maimaita kanta. Ya koya wa manhajar ta yi kunnen ƙashi da na biyun. Ya ƙara wa maɓallan girma.

Da abin ya zauna, ta nuna da ido tana son ƙari. Suka yi ta canka har suka gano: tsiya take so a sa mata. Aka naɗa "Kai dai ba ka da kai," da "Wa ya ɗinka miki wannan rigar?" Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha. Gidan ya ɗan samu dariya.

Daga nan ne Auta ya yi abin da ya daɗe yana cinsa. Jerin ya yi tsawo, sai ya ga bari ya sauƙaƙa mata: maganar da ta fi dannawa ta riƙa hawa sama da kanta. Ya rubuta a gurguje kafin ya wuce ofis. Abin da ya manta shi ne, kowane maɓalli lambar gurbinsa ya riƙe, ba maganar da ke gabansa ba. Rubutun ya canza wuri, maɓallan suka tsaya a kan tsohon lissafi.

Da rana zafi ya taso. Yaya ta danna layin da ke cewa tana jin ƙishi. Lasifika ta ce, "Ku bar ni in huta." Ɗiyar ta gyara mata mayafi ta ja ƙofa. Can ta sake jin muryar, ta leƙo, aka sake cewa a bar ta. Ta ga hawaye a idon uwar, ta ɗauka ɓacin rai ne irin na mai jinya, ta ce, "To Mama, na bar ki," ta hana kowa shiga.

Da yamma Auta ya tarar da ita leɓe ya bushe, hannun ya gaji ya kwanta a kan linzami. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar kwamfutar ya gane. Da gudu ya ɗebo ruwa, ya tallafo kanta, tana sha yana zubowa ta gefen baki. Ɗiyar ta tsaya a bakin ƙofa hannu a ka.

"Kawu, wallahi cewa ta yi a bar ta."

"Ba ita ta ce ba," ya ce. "Ni ne."

A zaune a wurin ya ɗaure kowane maɓalli da maganarsa, ya kuma cire hawa da saukar gaba ɗaya. Ya gwada layukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya durƙusa gaban gadon ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja linzamin a hankali, ta danna. Muryar ta ce, "Kai dai ba ka da kai." Rabin bakinta ya yi murmushi. Shi ya kifa kansa a kan katifa ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da ta faɗi.

Ta yi watanni tana amfani da shi. Daga baya ƙarfin yatsan ya tafi, sai ya sa in ta tsayar da linzamin a kan layi ya ɗan jima, a ɗauka ta danna. Sannan jan linzamin ma ya gagara. Kwamfutar ta zauna a kunne ba mai taɓawa, har wata rana ɗiyar ta kashe ta, ta lulluɓe da yadi. Auta ya ci gaba da zuwa kowace yamma. A lokacin ne shi da ba ya magana ya koyi ba da labari. Yakan zauna ya gaya mata wanda ya gani a hanya, da abin da Oga, shugabansu a ofis, ya ce, da yadda sabon telan da ya karɓi shagonta yake karkata wuyan riga. Tana saurare da ido.

Ta cika da safe, yana kan hanyar ofis. A waya aka gaya masa, ya sauka daga mota ya rasa inda zai nufa.

Da ya koma aiki aka ba shi jerin ɗakunan wani otal. Oga ya zo wucewa ya tsaya a bayansa.

"Auta, waɗannan maɓallan ai sun yi girma. Kamar tafin hannu fa. Rage su."

"A bar su haka, Oga."

"Sun ɓata tsarin."

"Ba kowa ne hannunsa ke tsayawa ba."

Oga ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskarsa, sai ya dafa masa kafaɗa ya wuce. Da aka tashi Auta ya sauko daga benen, ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci, ya daɗe bai tare ko ɗaya ba.