Gawayin da Baba Harisu Ya Tono Mana

Duk mai sammako a kasuwar hatsi ta Gadarif ya san Baba Harisu. Da an sallame asuba sai ya tsaya wajen Jummare mai shayi, ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya yi mata mitar sukari ya yi yawa, gobe kuma ya dawo ya sha irinsa. Daga nan ya wuce ofishin awon ƙasa, ya saɓa sarƙar awo a kafaɗa, ya rungumi turakun ƙarfe, ya hau bayan mota. Gaban mota na injiniyoyi ne. Shekara talatin da huɗu ke nan yana hawa baya, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki.

Aikin nasa ba ya da kwarjini. Injiniya ya leƙa na'ura ya ɗaga hannu, shi kuma ya ja sarƙa cikin ƙaya da laka har inda aka nuna, ya kafa turke. Daga Doka zuwa Mafaza babu dajin da bai taka ba, amma ba za ka ga sunansa a jikin taswira ko ɗaya ba. Makiyayan Doka suna ba da labarin wani babban manomi da ya kawo masa rago don ya matsar da turken burtali kaɗan. Baba Harisu ya yi godiya, ya sa albarka, ya ɗaure ragon a jikin turken, ya hau mota ya yi tafiyarsa.

Wancan ji na yi. Wanda zan faɗa yanzu a gabana aka yi, kuma ina cikin masu laifi.

Ni malamin makaranta ne, ɗan Hillar Ɗanliti, wani ƙaramin ƙauye kusa da Mafaza. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin Rahad, zangon ya zama gida. Yadda muke noma shi ne, in gona ta ba da riɗi da dawa shekara biyar ko shida, sai a bar ta dakwara ta rufe ta, a riƙa tsagar ƙaro, ƙasa ta huta shekara goma ko fiye kafin a sake sharewa. Baƙo zai ce daji ne. Mu mun san gonar wane ce.

A shekarar 2008 wata ƙungiyar raya noma ta ƙasashen waje ta ɗauki nauyin yi wa gonakin ƙananan manoma rajista, kowa ya samu takarda da sunansa. Filin da aka tarar ba mai shi, za a yanka wa masu manyan gonakin tarakta. Alheri aka nufe mu da shi, wannan ba na musu. Sai dai a shekarun nan, in ka ga mutum da takarda da biro a ƙauye, ɗayan uku ne: ko lissafin zakka da haraji, ko neman samarin da za a kai sansanin horo, ko tambayar jinsiyya, takardar shaidar ɗan ƙasa, tambayar da ke yi mana ciwo mu da aka haifi ubanninmu a nan. Don haka dattawa suka zauna a inuwar masallaci suka yanke shawara: kowa ya rage girman gonar da zai faɗa.

Da aka zo kan mahaifiyata, wadda ke riƙe da gonar gidanmu tun rasuwar babanmu, ta ce fadan biyar gare ta, wato kamar eka biyar, a bayan gida. Aka nuna mata fadan ashirin da biyu da ke ƙarƙashin dakwara. Ta ce, "Wancan dajin Allah ne." Ta dangwala yatsa. Ni da karatuna ina tsaye ina gyaɗa kai, ina jin mun yi wayo.

Bayan wata huɗu motar awo ta iso don yanke dajin Allah.

Baba Harisu ya shiga cikin dakwarar yana jan sarƙa. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya shafa tabon tsaga a jikin itace, ya duba ya ga itatuwan duk sa'annin juna ne, ya tura ƙafa ya ji tsohuwar kunyar noma a ƙarƙashin ciyawa. Sai ya naɗe sarƙarsa ya zauna a kai.

Injiniyan, wani matashi mai suna Abdurrahim, ya ƙaraso da gumi. Ba mugu ba ne. An ce masa in taswira ba ta isa kafin damina ba, masu ba da tallafin za su rufe aikin.

Ya ce, "Ammi Harisu, lafiya? Tashi mu gama."

"Ya bashmuhandis, babban injiniya, gonar mutane ce wannan."

"Ga yatsunsu a takarda. Da bakinsu suka ce ba mai ita."

"Tsoro ne ya yi magana, ba su ba. Ahalina ne, na san halinmu. Mai akuya goma in hukuma ta tambaye shi, uku zai ce."

"Ni takarda nake bi, ya Hajj. Ka ja sarƙa, ko in rubuta ka ƙi aiki."

Saura masa shekara shida ya kai fansho, da 'ya'ya mata huɗu a makaranta. Ya ce, "Rubuta, mafi mushkila, ba damuwa. Amma ka ba ni dagi, ka ba ni zuwa la'asar."

Abin da ya sani, wanda ni ban taɓa ji ba, shi ne wannan. Ƙasarmu baƙar laka ce, babu dutsen da za a kafa a iyaka, itace kuma gara ta cinye shi. Shi ya sa mutanen farko, in sun sari gona, sukan haƙa rami kamu biyu a kowace kusurwa, su zuba gawayi da tsingaro su binne. Gawayi ba ya ruɓewa. Mahaifinsa ne ya nuna masa tun yana yaro.

Ya haƙa rami na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Ƙauye ya fito ya yi cirko-cirko, ba mai nuna masa wuri, don duk wanda ya nuna wuri ya amsa cewa ya yi ƙarya ke nan a gaban hukuma. Bayan rami na uku ya ajiye dagin, ya taka har ƙofar gidanmu, ya yi sallama.

"Hajiya, ban zo in kunyata ki ba. Wallahi da ni ne, ni ma abin da zan faɗa musu ke nan. Amma in na ja sarƙar nan yau, jikokinki lebura za su yi a gonar kakansu."

Inna tana ciki tana ji. Ya jira kaɗan, ya koma ya kama rami na huɗu. Laka ta rani kamar ƙarfe take, tafin hannunsa ya fashe, yana gogewa a jallabiya yana ci gaba. Ni dai ƙasa nake kallo.

Rana ta karkata, direba ya tayar da mota, sai ga Inna ta fito lulluɓe da tobinta. Ba ta dubi kowa ba. Ta wuce dattawa, ta wuce injiniya, ta je gindin wani kututturen aduwa, ta yi taku bakwai gabas, ta buga ƙafa.

"Nan ne, malam. Ina amarya na kawo wa surukina gawayin a ƙwarya."

Ya haƙa. Da dagi ya kai kamu biyu, ƙasar ta fara fitowa da baƙin gari da ɓallin tukunya. Abdurrahim ya durƙusa, ya murza a yatsunsa. Sannan ya ce wa direba ya kashe mota.

Aikin kwana biyu ya koma kwana tara. Tsofaffi suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa kututturen. Gida goma sha tara muka rage gonakinmu, goma sha shida aka samu gawayinsu aka gyara musu takarda. Taswira ta isa da ƙyar. Baba Harisu ya samu takardar gargaɗi saboda jinkiri, ya yi shekara guda yana gadin ɗakin kaya. Daga baya na ga rahoton aikin, mai santsin bango da hotuna, ana yabon wata sabuwar dabarar gano iyaka. Na duba shafi-shafi, har sunan direba na gani, ban ga nasa ba.

Baba Harisu, kai ne ka ji abin da muke nufi lokacin da bakinmu ya faɗi wani abu dabam. Kai ne ka zauna a kan sarƙa ka jefa abincin 'ya'yanka cikin haɗari saboda mutanen da suka tsaya suna kallonka. Angon Halimatu Sadiya, mai hannun da ba ya matsar da turke! Da na je gaishe ka makon jiya, ba ka bar ni na gama godiya ba, sai tambayar gidaje ukun nan da ba a samu gawayinsu ba kake yi, musamman Atine da ta koma Gadarif tana tankaɗen riɗi a kasuwa. Ka ce da ka ƙara haƙawa kamu ɗaya, wa ya sani. Har yau abin yana cinka, mu da muka jawo kuwa muna barci lafiya.

Ku masu zuwa ƙauyuka da takardu, na gida da na waje, ku riƙa juyawa ku tambayi na bayan mota. Ku kuma samarin da za ku gaji sarƙar, ku koyi tsayawa in ƙafarku ta ji kunya a ƙarƙashin ciyawa.

Bana muka share dakwarar, riɗi ya yi kyau. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Shekara shida ba ta iya haɗa ido da Baba Harisu ba, in ta ji motar awo sai ta shige ɗaka. Da na karanta mata wannan rubutu, na ce na ɓoye sunanta don kada a yi da ita. Sai ta ce, "A'a. Shi ba a rubuta nasa ba don ya faɗi gaskiya, ni kuma a ɓoye nawa don na yi ƙarya? Ka sa. Ka ce ni ce, kuma na gode."

Sunanta Ummuhani 'yar Hamid. Ta gode, Baba Harisu, mu ma mun gode. Allah ya ba ka hutu mai albarka.