Tsagar Fuskar Silifatu

Na ƙirga hotunan da ƙawata Ikilima ta zana, jingine a ɗakinta: goma sha tara. Duk matan Yarabawa ne, da ɗaurin kallabi mai tsayi da shuɗin zane. Sha takwas an kammala su. Na sha tara shekararsa shida ba fuska.

Ikilima malamar zane ce a wata makarantar 'yan mata a Daura. Mahaifiyarta, Silifatu, Bayarabiya ce mai sayar da robobi, ta auri mutumin gari ta zauna. Don kada dangin miji su ce baƙuwa ba ta da ta ido, sai ta riƙe kunyar 'yar fari fiye da Hausawan kansu. Ba ta taɓa kiran sunan Ikilima ba. Ana yaye ta aka miƙa ta ga goggonta a Mai'adua. In an kawo ta gaisuwar salla, uwa ta kau da kai, 'ya ta dubi tabarma. Tana shekara goma sha ɗaya Silifatu ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Hoto na sha taran nan na Silifatu ne, kuma tsaga ce ta tsayar da aikin. Ikilima ta san akwai ta a kumatun, amma uku ko huɗu? A tsaye ko a kwance? Ita ce za ta nuna garin da uwar ta fito, kuma ta ƙi zana ta da ka.

Na ce ai wannan aikin yini ɗaya ne. Muka hau babur, muka zaga gida bakwai na waɗanda suka san Silifatu. A na bakwai muka sami Inna Adama, wadda rumfarta ke jikin ta Silifatu shekara tara.

"Inna, tsagar nan nawa ce?" in ji Ikilima.

"Ke 'yar nan, ni malamar lissafi ce? 'Yar Yarabawa kawai muke ce mata." Inna Adama ta dubi Ikilima. "Amma duk ranar da aka tafi da ke, takan tsaya bakin zaure tana kallon bayanki har ku sha kwana. Sai ta kwance kallabi ta sake ɗaurawa, alhali bai kwance ba."

Muka hau babur, muka dawo gida.

Bayan kwana goma na koma. Ta gama na sha tara: mace a bakin zaure, ta ba mu baya, hannu biyu a kan kallabi, fuskarta wajen hanya.

"To, garin nata fa?" na tambaya.

"Daura," ta ce, ta ci gaba da wanke burushinta.