Allurar Lambar Kawu

A shekarar da fara ta sauka a Adar ta cinye gero yana tsaye a gona, a shekarar ce allurar lambar kawuna ta karye.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi soja a zamanin Faransa, ya dawo Tabotaki da ɗingishi, da muƙamin kafaran, da wata lamba ta tagulla mai fuska ja da shuɗi, wadda ake maƙalawa a ƙirji da allurar da ke bayanta. Ba ya sa ta sai ranar bikin Jamhuriya, idan an jera tsofaffin sojoji a Bouza. Da bikin ya matso ya kwance tsumman da yake naɗe ta, sai ga allurar ta ɓalle daga gindi. Ya ce shi ba zai tsaya a sahu da ƙirji wayam ba, kamar wanda ya zo kallo.

Na kai wa mai walda a tasha. Ya juya ta, ya ce wutarsa za ta ƙone launin fuskar, in kai wa maƙerin azurfa. Maƙerin azurfa kuwa ɗaya muka sani, wani Buzu mai zama a kasuwar Babankatami, kuma kawu ya yi shekaru yana kauce wa rumfarsa.

Ba faɗa suka yi ba. A shekarar babban fari, lokacin da mutanen arewa suka gangaro ba dabba ba hatsi, mahaifiyar maƙerin ta kwanta ciwo a bakin garinmu. Kawu ya ɗora ta a amalankensa ya kai ta likita, Allah ya tashi kafaɗunta, ta ƙara shekaru masu yawa a duniya. Daga baya maƙerin ya kawo wa kawu wuƙa mai kube, kawu ya mayar. Ya aiko da munduwa don iyali, ita ma aka mayar. Al'ada ce da muka gada tun kakanninmu na ƙarƙashin Abzinawa: maƙeri shi ake ba kyauta, mai mutunci ba ya karɓar kyautarsa. Kawu yana ganin girmansa yake tsarewa. Bai lura ba cewa ya bar mutum da kaya a ka, ya kuma hana shi wurin saukewa.

Ranar kasuwa muka tafi tare. Maƙerin na hango mu ya saki zugazugi.

"Kafaran! Yau hanya ta ɓace maka ne?"

"Aiki na kawo, sarkin maƙera, ba gaisuwa ba. In ka ɓata mini ita, kai da gwamnati."

"Wace gwamnatin? Wadda ta ba ka ita ta kwashe kayanta tun ina goye."

Ya karɓi lambar da hannu biyu, ya daɗe yana duban bayanta. Ya ce allurar ƙarfe ce, tsatsa ta ci ta, ko an liƙa za ta sake karyewa, sai dai sabuwa. Ya kankare tsohon gindin da magagari. Ya kwaɓa yumɓu ya binne fuskar lambar a ciki don kada zafi ya kai ga launin, bayan kawai ya bari a fili. Sannan ya jawo wata 'yar jakar fata daga wuyansa, ya fiddo ƙaramin zoben azurfa da ya suɗe don tsufa. Na ɗauka cikin kayan aikinsa ne, kawu ma haka.

Ya yi bisimilla, ya yanke zoben, ya gasa shi, ya yi ta bugu a hankali har ya miƙe ya zama siriri kamar tsinke. Ya fiƙe kansa, ya lanƙwasa gindinsa da awartaki, ya ɗora a bayan lambar da ɗan sinadari, ya hura wuta ta bakin bututu har ya kama. Kawu bai ɗauke ido ba. Ni dai ina ta salati a zuci, don na san in launin nan ya tsage, ba mai mayar da shi a duk ƙasar nan. Da ta huce ya ɓare yumɓun ya wanke. Ja yana nan, shuɗi yana nan.

Kawu ya sa hannu a aljihu.

"Bar hannunka inda yake, Kafaran," in ji maƙerin. "Zoben tsohuwa ne, wadda ka ɗauka a amalanke. Bara Allah ya karɓi abinsa. Kafin ta cika ta ce in san yadda zan yi ya shiga gidanka. Ba na sayar da shi. Ko ka tafi da shi haka nan, ko in mayar da lambar wuta in cire shi, ka je Bouza da zare da allurar ɗinki."

Kawu ya tsaya da hannu a aljihu. Bai ma ji labarin rasuwar ba, saboda nisan da ya yi da rumfar. Masu wucewa biyu sun tsaya, kuma na san yana lissafin abin da za a ce a gari.

Can ya zare hannunsa daga aljihu, ba komai a ciki.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta," ya ce. "Maƙala mini in gani ko ka iya aiki."

Maƙerin ya tashi, ya kama ƙirjin rigar kawu, ya soka allurar, ya ɗan ja don ya gwada ƙarfinta. Muka ɗaga hannu mu uku muka yi wa tsohuwa fatiha. Da muka shafa, ya koma ya zauna, ya ja numfashi mai tsawo, ya ɗauki zugazuginsa.

"To, Kafaran," ya ce, "yanzu ba ka bina, ba na binka. Sati mai zuwa ka zo mu sha shayi."