Ni na ce a cire rufin ɗakin Baffa

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni malamin kwaleji ne a Jigawa, gwamnati ta turo ni Kuala Lumpur yin digiri na uku, ina zaune a unguwar Setapak da iyalina. Gaskiya a lokacin ina ji da kaina. Ni ne ɗan bokon gidanmu, in na jefa magana a zauren WhatsApp na dangi sai ka ji tsit, kowa na jiran ya ce haka ne.

Malamar da ke duba aikina 'yar Malesiya ce da ta yi karatu a Ireland. Ita ta ɗora ni a kan tsofaffin takardun ƙidaya na ƙauyukan Ireland ɗin, in bi yadda jama'a da gidaje suka sauya. Masu ƙidayar zamanin sun kasa gidaje aji huɗu, na ƙarshe shi ne ɗakin ƙasa ciki ɗaya. Na lura daga wata ƙidaya zuwa ta gaba irin ɗakunan nan sun ragu ƙwarai. Ba tare da dogon tunani ba na zauna na rangaɗa babi guda ina cewa ci gaba ne ya zo, mutane sun rabu da ɗakin ƙasa.

Ina cikin wannan ne maganar Baffa ta taso. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Ƙauyenmu ya watse tun da kwalta ta bi ta wani wajen, wasu suka koma bakin titi, wasu Kano, shi kaɗai ya rage da akuyoyinsa. Sau uku Yayana yana ɗauko shi ya kai shi gidansa mai siminti da fanka, sau uku tsohon nan yana sulalewa ya koma. Da aka rasa yadda za a yi sai aka ce a ji ta bakin mai ilimi. Ina tsaye a LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, na rubuta musu cewa abin mai sauƙi ne: a ɗauko shi, a koma a cire azarar ɗakin a zube rufin, in ya ga babu wurin kwana dole ya haƙura. Har yaba mini aka yi, aka kuma aikata yadda na ce. Wallahi a ranar ji na yi na taimaki Baffa.

Bayan mako biyu malamar ta dawo mini da babina. Ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ta rubuta da jan biro: ina mutanen da ke cikin ɗakunan suka tafi? Ta haɗa ni da wasu littattafai ta ce in karanta tukuna, kada in yi gaggawa. A ciki na ga yunwa ce ta cinye su lokacin da dankalinsu ya lalace, wasu suka mutu, wasu suka hau jirgin ruwa ba su dawo ba. Waɗanda suka ƙi tashi kuwa, masu gonakin da suke haya a kai sai su turo a cire musu rufi don kada su koma. Amma sai su koma, su jingina itace da ciyawa a jikin bango su kwana. Na ajiye littafin. Dabarar da nake taƙama da ita, ashe azzalumai sun riga ni.

Da rana tsaka ina shan shayi a mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gidanmu, ƙanwata ta kira tana kuka. Ta ce Baffa ya sake guduwa, an same shi a kangon ya jingina zana a bango, ga damina ta sauka, ga tari ya kama shi.

Ban tsaya neman shawarar kowa ba, na yanki tikitin komawa gida. Abokan karatu suka ce haukacewa na yi, wa ke barin aiki ana gab da ƙare shi saboda ɗakin ƙasa? Matata ta ce in aika a gyara mana. Na ce bakina ne ya rushe shi, hannuna zai mayar. Na isa da niyyar sa kwano, Baffa ko kallona bai yi ba. Ya ce shi ba ya son kwano, azararsa yake so, wadda shi da mahaifinmu suka saro da hannunsu. Na bincika, ashe Yayana ya yi rumfar mota da ita. Na roƙe shi ya ba ni, ya ce ba ni ne na ba da shawarar ba, yau kuma zan mai da shi mugu? Na ce Yaya ka yi haƙuri, laifin nawa ne, amma azarar nan yau za ta koma. Na hau na sauke ta yana kallo.

Zangon karatu guda na rasa. Yayana har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, dangi na cewa boko ya juya mini kai. Su faɗa. Na yi nadamar saƙon da na rubuta a jirgi, amma sauke rumfar nan ko gobe zan sake. Mun shirya da wani ɗan'uwa da ke bakin titi yana leƙa Baffa kullum, abin da ya kamata mu yi tun farko ke nan.

Ku da kuke nesa kuna yanke wa tsofaffinku hukunci ta waya, ku ji tsoron Allah. In kun ga gida ya ɓace a takarda, ku tambayi ina mai shi. Ranar da muka gama yaɓe, Baffa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azarar, sannan ya tambaye ni ko a wace makaranta aka koya mini cire wa mutum rufi. Na dawo Kuala Lumpur na sake rubuta babin daga farko, malamar ta sa hannu. Shi Baffa har yanzu ban ba shi amsa ba.