Majanyin Inna a Banɗakin Riyad

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Madina, ni da wasu 'yan umara biyu da su ma suke da dangi a Riyad. Hanya shimfiɗe take kamar sabuwar tabarma, ba rami ba shinge. Ni da na saba da gargadar hanyoyinmu, barci ma ƙin zuwa ya yi. Hagu da dama yashi ne da duwatsu, sai jefi-jefi ka hango raƙuma a bayan waya. Mun tsaya a wani gidan mai na sayi tamis, wato gurasarsu mai faɗi, da wake da shayi. Da na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, yunwar da kanta ta ragu.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. A ƙasan jakata akwai wani ƙulli da Inna ta ba ni in kai wa Yaya, wanda ya daɗe a can yana gyaran famfo. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar zamanin da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta karɓar wayarsa, in ya kira sai ta ce, “A gaishe su.” Jikinta ya yi rauni, duk mun san tana son ganinsa, amma kunya ba za ta bar ta ta furta ba. Shi kuma ya riga ya sa a ransa cewa aikensa ake bukata a gida, ba shi ba. Da ta miƙo min ƙullin, abin da ta ce kawai shi ne, “Ka kai can.”

Da yamma muka shiga Riyad, cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi. Gari ne na motoci da dogayen gine-gine, kowa na cikin gilashi, ba mai ce maka sannu. Yaya na zaune a wani ɗaki kusa da unguwar Al-Murabba tare da wasu 'yan ƙasarmu, wani na shigowa wani na fita aiki. Furfura ta cika masa gemu. Ya tambayi kowa har da mai shayin unguwa, sannan a ƙarshe ya ce, “Ita fa, tana lafiya?” Na kasa fito da ƙullin a gaban mutane.

Washegari yana da aiki, kafil kuwa, wato ubangidan da ya ɗauke shi, ba ruwansa da baƙonka. Sai na rataya jakata na bi shi Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A ƙofa aka duba iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, da fasfona. Ciki itatuwa ne da tsit, ko kukan yaro ban ji ba. Masu gidan da zai yi aikin sun yi tafiya, mai aikinsu ce ta nuna mana banɗaki ta koma.

Aikin shi ne a cire tsohuwar daffaya, wani faffaɗan ƙarfe da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ya ɗumama ɗaki, a sa sabon ƙarfe mai kama da tsani wanda ake shanya tawul a kai. Na ce a raina, ikon Allah, mu rana ke shanya mana kyauta. Yaya ya rufe ruwa ta ɓangarorin biyu, ya sassauta noti da sifana, na tara roba. Wani baƙin ruwa mai warin tsatsa ya dinga tsiyaya. Da muka sauke ta, nauyinta ya kusa karya min ƙugu.

Na ce, “Yaya, tunda yar da ita za a yi, da ma a tura wa Inna. Ƙafarta ba ta son sanyi.”

Ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwana. Ya ce, “Kai dai baƙauye ne. Ai ba ta da zafin kanta. Daga tukunyar gidan ruwan ke zuwa. In ka raba ta da gida, ƙarfe ne kawai mai sanyi.” Yana gama faɗa ya ci gaba da naɗa farin zare a bakin bututu.

Ya auna, ya huda bango, ya ɗaure sabon ƙarfen, ya buɗe ruwa. Ya murɗa wani ɗan noti a sama, iska ta fita tana huci har ruwa ya biyo. Sai ya ce, “Ba a taɓa tawul ɗin masu gida. Miƙo min wani tsumma mu gwada.”

Na zaro ƙullin na miƙa masa. Ya kwance. Tsohon majanyi ne na saƙi, wanda kakarmu ta kawo ranar sunan Yaya, da shi Inna ta goya mu duka. Ya daɗe yana kallonsa.

“Me ta ce?”

“Cewa ta yi in kawo can.”

Ya shanya shi a kan ƙarfen. Da ya ɗauki ɗumi ya janye shi ya kifa fuskarsa a ciki. Na fita tsakar gida na yi ta kallon wata bishiyar dabino, ina jin tausayinsa da namu baki ɗaya.

Ranar da zan dawo, a filin jirgi ya ce zai roƙi kafil hutu, amma bai san yaushe za a ba shi ba. “Ka ce mata saƙo ya iso.”

Ni kaɗai na dawo Kano. Tafiyar ta koya min cewa mutum na iya ƙoshi a ƙasar wasu, kaɗaici kuma na cinsa. Inna ta tambaye ni hanya, ta tambayi abinci, ta tambayi Madina, ba ta ambace shi ba. Sai da na miƙe ta ce, “Can ɗin akwai sanyi?”

Na ce akwai sosai.

“Suna da abin rufa dai?”

Na ce, “Yanzu suna da shi, Inna.”

Ta juya fuskarta bango, ta ce in ja mata ƙofa.